Maki ɗaya tak: Yadda Mike Ashley ya jefa Newcastle ajin 'yan dagaji

Ranar Lahadi 24 ga Mayu, 2009, aka rufe kakar Firimiyar Ingila, kuma abin da Newcastle United take nema a filin Villa Park bai wuce canjaras ba. Hull City, wadda ke gabanta da maki ɗaya, tana karɓar baƙuncin Manchester United a daidai wannan lokaci. United ta riga ta ɗauki kofi, hankalinta ya koma kan wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai da za ta buga da Barcelona bayan kwana uku, saboda haka Sir Alex Ferguson ya zubo yara a fili. Yaran suka ci Hull ɗaya mai ban haushi. Ke nan hanya a buɗe take: Newcastle ta tashi kunnen doki kawai, bambancin ƙwallaye ya cece ta.

Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci, Gareth Barry na Aston Villa ya ɗirko ƙwallo daga nesa. Ta bugi Damien Duff na Newcastle, ta sauya hanya, ta wuce gola Steve Harper ta faɗa raga. Da aka dawo zagaye na biyu, dubban magoya bayan da suka yi tattaki daga arewa maso gabashin Ingila sun yi ta ihu har muryoyinsu suka dushe, amma a cikin fili ba a ga yunƙurin mai neman tsira ba. Aka tashi ɗaya da nema. Newcastle ta ƙare a ta 18 da maki 34, Hull ta tsira da 35. Shekara 16 a jere da ƙungiyar ta yi a Firimiya suka zo ƙarshe a wannan yammaci.

Wanda ya dubi sunayen da ke ƙungiyar a kakar nan zai yi mamaki. Akwai Michael Owen, gwarzon ɗan ƙwallon Turai na 2001. Akwai Mark Viduka da Nicky Butt da Geremi ɗan Kamaru da Habib Beye ɗan Senegal, ga Fabricio Coloccini da aka sayo da tsada daga Sifaniya. Ga kuma namu biyu: Obafemi Martins, wanda ya zo daga Inter Milan a 2006 ya gaji riga mai lamba tara, da Shola Ameobi, haifaffen Zariya da ya tashi a birnin Newcastle tun yana yaro. Saboda su biyun nan ne gidajen kallo da yawa a Najeriya suke kunna wasan Newcastle a shekarun. Albashin ƙungiyar yana cikin mafi tsada a gasar, filinta na St James' Park yana ɗaukar mutum 52,000, kuma cika yake yi kusan kowane mako. Wasa bakwai kacal suka ci cikin 38.

Ana iya ɗora laifi a kan Duff da ya ci gida, ko alƙalin wasan da ya soke ƙwallon Viduka a karawarsu da Fulham mako guda kafin nan, ko 'yan wasan da ke karɓar albashi mai kauri suna yawo a fili. Duk suna da nasu kason. Amma wanda ya tsaya a nan ya bar jaki yana dukan taiki. Ƙungiyar ta shiga hannun masu horarwa huɗu cikin wata tara, kuma kowane sauyi daga cikinsu, ko dai mai ƙungiyar ne ya jawo shi, ko shi ya yi jinkirin magance shi.

Attajirin da ya sayi abin da bai duba ba

Mike Ashley ɗan kasuwa ne na gaske, wannan ba a musu. Ya fara da shago ɗaya na kayan wasanni a garin Maidenhead a 1982, ya gina shi har ya zama Sports Direct. A farkon 2007 ya saka kamfanin a kasuwar hannun jari ta Landan ya kwashi sama da fam miliyan 900. Bayan 'yan watanni ya sayi hannun jarin Sir John Hall a Newcastle, sannan na Freddy Shepherd, ƙungiya ta zama tasa a kan kusan fam miliyan 134.

Sai dai cinikin biri a sama ya yi. Bai tsaya an bincika masa littattafan kuɗin ƙungiyar yadda ya kamata ba. Da ya shiga sai ya tarar da bashin ginin fili wanda dole a biya shi da zarar ƙungiya ta sauya hannu, ga ragowar kuɗin 'yan wasan da aka sayo a baya ba a gama biya ba. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa sai da ya ƙara zuba fam miliyan 110 don rage basussuka. Adalci ya sa a faɗi wannan: ya biya, kuma ya ba ƙungiyar rance mai yawa ba tare da ruwa ba. Amma wannan kaɗuwa ta farko ita ta sa ya riƙa kallon Newcastle a matsayin ramin da ke cinye masa kuɗi, kuma daga nan duk shawarar da zai yanke, tambayarsa ta farko ita ce nawa za a kashe.

Da farko an so shi. Yakan sa rigar ƙungiya mai baƙi da fari ya shiga cikin magoya baya a wasannin waje. A Janairun 2008 ya sallami Sam Allardyce, wanda magoya baya ba sa son salon wasansa, ya dawo da Kevin Keegan. Mutanen Newcastle suna kallon Keegan fiye da koci. Ya buga musu ƙwallo daga 1982 zuwa 1984, ya dawo a 1992 ya hana su faɗawa aji na uku, ya hauro da su Firimiya a 1993, ya kai su na biyu a 1996, shi ne kuma ya dawo da Alan Shearer gida a kan fam miliyan 15, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan ƙwallo da shi ba a duniya a lokacin.

Ba a yi mako biyu da dawowarsa ba Ashley ya naɗa Dennis Wise babban daraktan harkar ƙwallo, ya ba Tony Jimenez kula da sayen 'yan wasa. Da tsakiyar shekara kuma ya ɗanka gudanar da ƙungiyar gaba ɗaya a hannun abokinsa Derek Llambias, wanda aikin da aka san shi da shi shi ne kula da gidan caca a Landan. A bainar jama'a aka riƙa cewa Keegan ne mai magana ta ƙarshe a kan wanda za a saya da wanda za a sayar. A cikin gida kuwa ba haka ba ne.

An fara kakar 2008/09 da kyau. A Old Trafford Martins ya ci da ka, aka tashi ɗaya da ɗaya da Manchester United, zakarun Ingila da na Turai. Suka ci Bolton a gida. Sai a ƙarshen Agusta aka sayar da James Milner ga Aston Villa a kan fam miliyan 12. Washegari Arsenal ta ci su uku da nema, kyamara kuma ta kama mai ƙungiya a cikin 'yan kallo yana shanye kofin giya a tashi ɗaya, abin da dokar Ingila ta hana a wurin da ake ganin fili. Da kasuwar musayar 'yan wasa za ta rufe, aka kawo Xisco daga Deportivo, aka kuma ɗauko aron wani ɗan Uruguay mai suna Ignacio González. Ranar 4 ga Satumba Keegan ya ajiye aiki.

Abin da ya faru a ɓoye bai fito ba sai a Oktoban 2009, lokacin da kwamitin sasanci na hukumar Firimiya ya yanke hukunci a kan ƙarar da Keegan ya kai. Kwamitin ya gano cewa Wise ya kira Keegan ya ce masa akwai ɗan wasan da za a ɗauko, ya je ya kalle shi a YouTube. Keegan ya kalla ya ce bai yarda ba. Aka ɗauko shi duk da haka, don a daɗaɗa wa wasu dillalan 'yan wasa biyu na Kudancin Amurka, da fatan za su riƙa kawo wa ƙungiyar matasa nan gaba. Albashin yaron ya kusa fam miliyan ɗaya, kuma sau biyu kawai ya shiga fili, duka daga benci. Abin da ya fi muni, jami'an ƙungiyar sun amsa a gaban kwamitin cewa maganganun da suka riƙa yi wa 'yan jarida game da ikon Keegan ba gaskiya ba ne, gyaran suna ne kawai. Aka ba Keegan diyyar fam miliyan 2.

A ganina nan ne aka yi asarar kakar. Tsarin darakta da koci yana aiki a ƙungiyoyi da yawa na Turai, ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɗauko mutumin da gari ya yarda da shi don a sayi soyayyar jama'a, sannan a ɗaure masa hannu ta baya, a yi wa jama'ar ƙarya.

Gida ba mai gida

Wasan da ya biyo baya na Hull ne a St James' Park, ranar 13 ga Satumba. Dubban mutane suka yi zanga-zanga a bakin fili, aka zagaya da ƙyalle a cikin 'yan kallo mai neman gungun 'yan Landan, wato Ashley da mutanensa, su fice. Mataimakin koci Chris Hughton ne ya riƙe ƙungiyar. Hull, wadda ta hauro Firimiya karon farko a tarihinta, ta ci biyu da ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan sakamako: da canjaras kawai aka yi a ranar, da Newcastle ta gama kaka da maki 35, Hull da 33.

Washegari Ashley ya fitar da doguwar sanarwa. Ya ce ya ji abin da magoya baya ke so, suna so ya tafi, don haka ya sa ƙungiya a kasuwa. Ya ce an ba shi shawarar kada ya ƙara zuwa fili da 'ya'yansa don gudun a far musu. Ba wanda zai goyi bayan a tsorata mutum da iyalinsa. Amma a duba halin da ya bar ƙungiyar: babu koci, an rufe kasuwar 'yan wasa, mai ƙungiya ya ce tafiya zai yi amma ba a san yaushe ba. Wane ƙwararren koci ne zai karɓi aikin da bai san wanda zai zama ubangidansa bayan wata guda ba? An ruwaito cewa an nemi Terry Venables ya ƙi. Suka sha kashi sau huɗu a jere, har da fitar da su daga gasar League Cup.

Wanda ya karɓa a ƙarshe shi ne Joe Kinnear, a matsayin kocin riƙon ƙwarya. Rabonsa da horar da ƙungiya tun Disambar 2004 da ya bar Nottingham Forest, kuma kowa ya san ya yi fama da bugun zuciya a 1999 lokacin yana Wimbledon. A ɗaya daga cikin tarukansa na farko da 'yan jarida ya yi ta zunduma musu ashar, har aka ƙirga sama da hamsin. Ya ɗan tsayar da zubar maki, ya ci Aston Villa da Portsmouth da Tottenham kafin Kirsimeti. Ranar 28 ga Disamba Ashley ya ce ya fasa sayarwa domin bai samu mai saye ba. A ranar ce Liverpool ta zo St James' Park ta zuba musu biyar da ɗaya, kuma ba don Shay Given a raga ba da abin ya fi haka.

Watan Janairu shi ne damar gyara ta ƙarshe ga ƙungiyar da ke kusa da ramin faɗuwa. Newcastle ta rabu da Given, golanta tun 1997, ya tafi Manchester City. Charles N'Zogbia ya ce ba zai ƙara buga wa Kinnear ba bayan kocin ya karkatar da sunansa a hira da 'yan jarida, aka sayar da shi ga Wigan. Aka kawo Kevin Nolan da Ryan Taylor da Peter Løvenkrands. Kuɗin da ya shigo ya fi wanda ya fita, a ƙungiyar da ke neman ceto.

Sai ranar 7 ga Fabrairu, kafin wasa da West Brom, aka kwashi Kinnear zuwa asibiti. Bayan 'yan kwanaki aka yi masa babbar tiyatar zuciya. Duk mai hankali ya san ba zai dawo bakin fili da wuri ba. Nan ne ake bukatar mai ƙungiya ya tashi tsaye. Ashley bai yi komai ba. Aka sake cewa Hughton ya riƙe, ana jiran Kinnear ya warke. Kwana 53 aka yi a haka. Bayan nasarar da suka yi a kan West Brom suka buga wasa biyar, da Everton da Bolton da Manchester United da Hull da Arsenal, suka samu maki biyu cikin goma sha biyar. A wasan Arsenal Martins ya ɓarar da fenareti, daga baya ya ci ɗaya, Arsenal ta ci su uku da ɗaya, ƙungiyar ta zame cikin ukun ƙarshe.

Sai a ranar 1 ga Afrilu aka kira Alan Shearer, saura wasa takwas. Ba wanda ya kai shi cin ƙwallo a tarihin ƙungiyar, 206 ya zura, amma bai taɓa horar da ko ƙaramar ƙungiya ba, daga ɗakin sharhin BBC aka ɗauko shi. A lokacin ne kuma Wise ya tafi, wata bakwai bayan ɓarnar da zamansa ya jawo. Shearer ya tarar da 'yan wasa da yawa a jinya, ladabi ya lalace. A Anfield, gidan Liverpool, Joey Barton ya yi wa Xabi Alonso mummunar keta ya karɓi jan kati, suka yi cacar baki da koci, aka dakatar da shi. Dare ɗaya kawai suka yi na farin ciki, ranar 11 ga Mayu da Middlesbrough: ana ɗaya da ɗaya Shearer ya sako Martins, bai cika minti guda a fili ba ya jefa ƙwallo a raga, aka tashi uku da ɗaya. Maki biyar ya samu a wasa takwas. Ba a taɓa ba sabon shiga aiki mai nauyin wannan a ƙurarren lokaci irin wannan a ce ya gaza ba tare da an fara tambayar wanda ya ba shi ba.

Bayan faɗuwa Ashley ya nemi afuwar magoya baya, ya amsa cewa an yi kurakurai, ya yaba wa Shearer. Shearer ya miƙa tsarinsa na dawo da ƙungiyar, ya zauna jiran kira. Ya sha faɗa cewa kiran bai zo ba. Aka sake sa ƙungiya a kasuwa a kan fam miliyan 100. Owen ya tafi Manchester United kyauta, Martins ya koma Wolfsburg ta Jamus, Duff da Beye da Sébastien Bassong duk suka watse. Hughton da ragowar 'yan wasa irin su Nolan da Harper da Andy Carroll da Ameobi su suka haɗa kai suka dawo da ƙungiyar a 2010 da maki 102. Ladan da Hughton ya samu shi ne kora a Disambar wannan shekara, ƙungiya tana ta 11, makonni kaɗan bayan ya ci Sunderland biyar da ɗaya, ya kuma ci Arsenal a gidanta.

Karo na biyu

Da a ce sau ɗaya ne, sai a ce rashin sani ne na sabon shiga. Amma halin bai sauya ba. A 2011 ya cire sunan St James' Park ya liƙa wa filin sunan shagonsa. Daga baya aka ɗauko kamfanin Wonga mai ba da bashi da ruwa mai tsanani aka sa a gaban riga, har Papiss Cissé, Musulmi ɗan Senegal, ya ƙi sa ta na wani lokaci a 2013. A shekarar ce kuma aka dawo da Kinnear a matsayin daraktan ƙwallo. A 2015 ƙungiyar ta sha kashi sau takwas a jere ƙarƙashin John Carver, wani kocin riƙo da aka bari saboda ba a so a nemi na dindindin a tsakiyar kaka. Sai a ranar ƙarshe suka tsira, da ƙwallon Jonás Gutiérrez, wanda bai daɗe da warkewa daga ciwon daji ba. Bayan 'yan kwanaki aka sallame shi ta wayar tarho. A 2016 kotun ma'aikata ta yanke hukuncin cewa an nuna masa wariya saboda cutarsa.

A kakar 2015/16 ba za a ce an yi rowa ba, an kashe kusan fam miliyan 80, an sayo Wijnaldum da Mitrović da Shelvey da Townsend. Abin da ya maimaitu shi ne jinkiri. Ranar 13 ga Fabrairu Chelsea ta ci su biyar da ɗaya, sannan suka samu hutun kwana 18 ba wasa. Ba a samun lokacin da ya fi wannan dacewa da kawo sabon koci. Aka bar koci Steve McClaren a kan aikinsa. Stoke ta ci su, Bournemouth ta zo gida ta ci su uku da ɗaya ranar 5 ga Maris, har yanzu sai da aka ƙara kwana shida ana jan ƙafa kafin a sallame shi. Rafael Benítez ya karɓa saura wasa goma. Ya samu maki 13, ba a ci shi ba a wasa shidan ƙarshe, amma ya zama ihu bayan hari. Suka faɗi da maki 37. Wadda ta tsira a madadinsu da 39 ita ce babbar abokiyar hamayyarsu Sunderland, kocinta kuma Sam Allardyce, mutumin da Ashley ya fara kora.

Magoya bayan Kano Pillars, da suka ga ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar lig ta Najeriya sau huɗu ta faɗi a 2022, sun san ɗacin da ake magana. Ɗan wasa yakan samu wata ƙungiyar, koci ya samu wani aikin, mai kuɗi ya sayar ya tafi. Mai sayen tikiti, wanda ya gaji ƙungiyar daga ubansa, shi ba inda za shi. Shi ya sa nake ganin wanda ya mallaki ƙungiyar gari, attajiri ne ko gwamnati, amana ya ɗauka, kuma lokacin da ake gane ya riƙe ta ko ya saki shi ne lokacin da ƙungiya take ƙasan teburi, ranar da ake bukatar a yanke shawara yau ba gobe ba.

Ashley ya sayar da Newcastle ranar 7 ga Oktoba, 2021, a kan fam miliyan 305, ga wani rukuni da asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ke da kashi 80 cikin ɗari a ciki a lokacin. Cinikin ya jawo muhawara mai zafi a Ingila kan haƙƙin ɗan Adam, kuma wannan batu ne da ya cancanci nasa rubutun. Ya bar ƙungiyar a ta 19, ba ta ci ko wasa ɗaya ba cikin bakwai, wato a bakin rami karo na uku. Cikin shekara 14 da ya yi bai ɗauki kofin manya ko ɗaya ba. Sababbin masu ƙungiyar sun rabu da koci Steve Bruce cikin mako biyu, suka naɗa Eddie Howe a watan Nuwamba saura wasa 27, a Janairu suka kawo Kieran Trippier da Bruno Guimarães da Dan Burn da Chris Wood. Newcastle ta gama wannan kakar a ta 11 da maki 49.